Tauye Mudu a Damtsen Bayin Allah

Na yi muku alkawari cewa wannan mako za mu koma kan batun ruwan famfo, amma abin da na gani ranar Talata a gefen wata tashar mota a nan Suleja ya ture wancan. Wani saurayi ne ya kafa tebur a tsakiyar rana, da 'yar na'urar awon jini mai batir, da kwalabe jere cike da wani baƙin jiƙo, yana kiran masu wucewa su zo a duba su. Sai ga wani dattijo ya sauko daga kan acaɓa yana haki, da goro a bakinsa, saurayin ya tare shi ya ce, “Baba, kawo hannu,” ya ɗaura masa abin a bisa hannun riga, alhali kuwa dattijon yana tsaye, hannunsa yana reto, yana kuma jayayya da ɗan acaɓa a kan canji. Da lambobi suka fito, saurayi ya dafe kai ya yi salati, ya ce, “Baba, jininka ya hau ƙwarai, Allah ne ya kawo ka,” ya miƙa masa kwalba. Na ce masa, “Samari, wa ya koya maka awon mutum a tsaye?” Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, “Malam, na'ura ba ta ƙarya.”

To, mudu ma ba ya ƙarya, amma duk wanda ya taɓa sayen hatsi ya sani zalunci a hannun ma'auni yake, kuma mun san irin kashedin da Suratul Muɗaffifina ta yi wa masu tauye awo. Idan haka hukuncin yake a kan gero da dawa, waɗanda in an cuce ka yau kana iya komawa wurin wani gobe, ina ga awon da mutum zai dogara da shi ya sha magani ko ya bari?

Lambobin nan biyu, ga waɗanda ba a taɓa yi musu bayani ba, ga ma'anarsu. Duk lokacin da zuciya ta matse ta tura jini cikin manyan jijiyoyi, ƙarfin da jinin yake danna bangonsu yakan kai ƙololuwa, shi ne lambar sama. Idan kuma ta saki domin ta sake cika, ƙarfin da ya rage shi ne lambar ƙasa. Mai lafiya yakan kasance a kusa da 120 bisa 80, sa'an nan Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar hawan jini a 140 bisa 90, da sharaɗin a same shi haka a ranaku biyu daban-daban. Hikimar sharaɗin kuwa ita ce, wannan ƙarfi ba ya zama wuri ɗaya: tsoro yana ɗaga shi, fushi da sauri da magana suna ɗaga shi, haka goro da taba da cikar mafitsara, har ma akwai mutanen da ganin farar rigar likita kawai ya isa ya hau da nasu.

Kuma ba da arha ɗan Adam ya samu wannan ilmi ba. Ibnu Nafis, babban likitan Alƙahira wanda ya rasu a 1288, ya bayyana yadda jini yake ratsa huhu, amma sai a 1733 wani malamin coci a Ingila, Stephen Hales, ya buga labarin yadda ya haɗa bututun gilashi da jijiyar goɗiya, jini ya hau sama da ƙafa takwas. A 1896 wani likitan Italiya, Riva-Rocci, ya fito da ɗamarar da ake hura wa iska a damtse, kana a 1905 Korotkof, likitan sojan Rasha, ya gano cewa idan aka saurari jijiya ana sassauta iskar, bugun farko da aka ji shi ne lambar sama, inda ya ɗauke kuma ita ce ta ƙasa. Wahalar ƙarnuka ke nan aka tara aka zuba cikin ɗan akwati, ga shi ya faɗa hannun wanda bai san ko sharaɗi ɗaya daga sharuɗɗansa ba.

Sharuɗɗan kuwa ba su fi ƙarfin kowa ba. Mutum ya zauna ya huta minti biyar, ya jingina bayansa, tafin ƙafafunsa a ƙasa, damtsensa a tuɓe, a ɗora hannun bisa tebur daidai da zuciya, ya yi shiru, ya kasance rabin sa'a bai ci goro ba bai sha taba ba, ɗamarar kuma ta yi daidai da kaurin hannunsa, domin ƙarama a damtsen mai jiki takan ƙara masa abin da babu.

Amma ina mutumin Suleja zai samu minti biyar? Tun da aka karɓe mana sunan Abuja aka ba sabon birni bayan dokar 1976, rabonmu shi ne mu haifi ma'aikata mu kwanar da su, su yi sallar asuba a gaggauce su bi ta Madalla, su wuce Dutsen Zuma cikin hayaƙi da cunkoso, su dawo bayan isha'i su ci tuwo da miyar da aka cika da gishiri da dunƙulen ɗanɗano, alhali gishirin da masana suka yarje wa baligi bai kai giram 5 a yini ba, watau kimanin ƙaramin cokali guda. Na sha faɗi a wannan fili, birnin can yana cin ƙuruciyarmu yana mayar mana da marasa lafiya, kuma ba zan gaji da faɗi ba.

Wani zai ce ai awon titi ya fi babu. Ƙarya ce, kuma mai faɗin haka bai taɓa jinyar wanda ɓarin jikinsa ya shanye ba. Wanda aka ce masa jininsa ya hau alhali ƙalau yake, an ci kuɗinsa an bar shi da zullumi. Wanda kuma ya sha jiƙo ya koma aka auna shi yadda aka ga dama aka ce ya sauka, sai ya watsar da ƙwayoyin da likita ya rubuta masa, ya zauna yana jiran ciwon kai ya faɗakar da shi, alhali galibi wannan cuta ba ta da alama har sai ta taɓa ƙwaƙwalwa ko ƙoda ko ido, sa'an nan a ce iska ce ko sammu. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 ya ce baligai wajen biliyan 1.3 ke ɗauke da ita, kusan rabinsu ba su ma sani ba. Wanda ya sayar da kwalba a kan awon bogi azzalumi ne, kuma mu da muke wucewa muna kallo ba mu kuɓuta ba.

A da, cikin ƙasashen Musulmi, akwai muhtasibi mai zagaya kasuwa yana duba mudu da sikeli. Ina roƙon masu iko da sha'anin lafiya a ƙaramar hukuma da shugabannin tashoshi su raya wannan aiki a kan masu tebur, ina kuma roƙon limamanmu su ware huɗuba guda domin wannan al'amari. Kai kuma mai karatu, je asibiti ko wurin ma'aikacin lafiya na gaskiya a auna ka a zaune, ka rubuta lambobin da kwanan wata a takarda, ka koma wata rana a sake. Idan da mai juna biyu a gidanka, kada ta tsallake ranar awo ko da ɗaya.