INA UNGULU TA SHIGA?

Ya kai ɗan'uwa mai karatu, kafin ka ninke wannan jarida ka sa a aljihu, ina roƙonka ka ɗaga kai ka dubi sama, sa'annan ka tambayi kanka tsakani da Allah: yaushe rabonka da ganin ungulu? Ina nufin ungulu mai rai, tana jewa a sararin garinku ko tana zaune a kan rufin kwata tana jiran mahauta su watso tarkace.

Iyayenmu sun ba mu labarin cewa a zamaninsu ba ka zuwa mayanka ko bayan kasuwa ba ka tarar da ungulaye jere ba, kai ka ce su ma an raba masu rumfa. Saboda sabo da ita ne ma ta cika bakin Bahaushe. Ana cewa ungulu ba kya jewar banza. Wanda aka cuta a ciniki sai a ce an yi masa ungulu da kan zabo. Wanda ya koma halinsa na da kuwa sai a ce ungulu ta koma gidanta na tsamiya. To, ga karin magana nan daram a bakinmu, amma mai karin maganar ta yi ɓatan dabo a yawancin garuruwanmu. Kwanakin baya na tambayi ƙannena da abokansu ko akwai wanda ya taɓa ganinta ido da ido, sai suka yi ta kallon juna. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne, babu ko ɗaya daga cikinsu da ya ji an yi asarar wani abu.

Na san wani zai ce, "Malam, ana fama da tsadar abinci da rashin aikin yi da rashin tsaro, kai kuma ka zo mana da zancen ƙazamar tsuntsuwa mai sanƙo mai cin mushe?" Ban ga laifinka ba, ɗan'uwa. Amma ka yi haƙuri ka biyo ni ƙasar Indiya, ka ji abin da ya sami mutanen da su ma suka ɗauka ɓacewar ungulu ba komai ba ce.

Indiya ƙasa ce mai ɗimbin shanu, kuma da yake mabiya addinin Hindu ba sa cin naman saniya, shanu da yawa mutuwa suke yi don kansu, a ja mushen a yar a bayan gari. Masu kwashe wannan mushe kyauta, shekara da shekaru, su ne ungulaye, waɗanda yawansu a da ya kai miliyoyi barkatai. Garken ungulaye kan cinye mushen saniya sai ƙashi cikin ƙasa da awa guda. Kuma Allah ya halicci cikin ungulu da wani ruwa mai tsananin tsami wanda ke kashe ƙwayoyin cuta masu yawa, ta yadda cutar da ta shiga cikinta galibi a nan take ƙarewa.

Ana nan sai wajen 1994 wani maganin kashe ciwo mai suna diclofenac ya yi araha, makiyaya suka shiga yi wa shanunsu allurarsa. Saniya takan ji sauƙi, amma idan ta mutu da maganin a jikinta, ungulun da ta ci naman sai ƙodarta ta lalace, ta mutu cikin 'yan kwanaki. Ba a gano musabbabin ba sai a 2004, kuma ba a hana yi wa dabbobi amfani da maganin ba sai a 2006. Kafin nan aikin gama ya gama, domin fiye da kashi 95 cikin 100 na manyan nau'o'in ungulayen ƙasar guda uku sun riga sun ƙare.

To, sai me ya biyo baya? Mushe ya riƙa ruɓewa a fili, wani kuma a jefa shi a kogi, ruwan sha ya gurɓace. Karnukan da ba su da iyayen gida suka sami abinci a banza, suka hayayyafa, cizon mahaukacin kare ya ƙaru. A 2024 wasu masana tattalin arziki guda biyu, Eyal Frank na Jami'ar Chicago da ke Amurka da Anant Sudarshan na Jami'ar Warwick da ke Ingila, suka fitar da sakamakon bincikensu. Sun kwatanta gundumomin da ungulaye suka saba zama da waɗanda tun asali ba su da su sosai, kafin ɓacewar da kuma bayanta. Suka tarar mace-macen mutane ya ƙaru da fiye da kashi 4 cikin 100 a gundumomin da suka rasa ungulu. A ƙiyasinsu, tsakanin 2000 da 2005 an yi asarar rayukan mutane kimanin 500,000 a dalilin haka. Rabin miliyan fa ke nan, ɗan'uwa, ba tare da an harba harsashi ko guda ba! Ashe ƙazamar tsuntsuwar nan ma'aikaciyar tsafta ce da ba ta karɓar albashi, ba ta zuwa yajin aiki, sai da ta tafi aka san darajarta.

Bahaushe ya ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu kuwa namu gemun ya riga ya fara hayaƙi. Wani bincike da Darcy Ogada da abokan aikinta suka yi a kan nau'o'in ungulu guda 8 na Afirka ya nuna cewa a tsakaici sun ragu da kashi 62 cikin 100 a cikin shekaru 30. A 2015 aka sanya ungulun nan tamu ta gari, wadda ta saba da kwata da kasuwa, a jerin halittun da ke dab da ƙarewa daga doron ƙasa. Sai dai abin da ke kashe ta a Afirka ya sha bamban da na Indiya. Binciken ya nuna kashi 61 cikin 100 na mace-macen da aka ƙididdige guba ce, kamar wadda ake barbaɗa wa mushe don a kashe kura ko zaki ko karnuka, ungulaye su sauka su ci su mutu gaba ɗaya. Kashi 29 kuwa farautarsu ake yi don a sayar da sassan jikinsu ga masu maganin gargajiya da bokaye.

Wannan na biyun shi ne abin kunya a gare mu, domin Nijeriya na cikin manyan kasuwannin wannan fatauci a Afirka ta Yamma. A ƙasar Gini Bisau an kashe ungulaye fiye da 2,000 da guba tsakanin ƙarshen 2019 da farkon 2020, aka tarar da yawansu an yanke masu kai. Wai kan ungulu na kawo sa'a, wai yana sa a hango abin da ke ɓoye, wai yana sa a ci caca ko a ci zaɓe. Subhanallahi! Tsuntsuwar da ta kasa hango gubar da aka zuba mata a nama, ita ce za ta hango maka arzikin gobe? Wanda ya ba da kuɗinsa ga wannan ya yi asara biyu, ya taɓa imaninsa, ya kuma taimaka wajen kashe mai share masa gari. Ga shi ungulu ƙwai ɗaya tak take yi a kowane zama, saboda haka abin da mafarauci ya kashe a yini guda sai an yi shekaru ba a mayar da gurbinsa ba.

Abin tambaya a nan shi ne, yaya aka yi halitta mai girma irin wannan ta ɓace a kan idonmu ba wanda ya ce uffan? Amsar a ganina ita ce mun daina kallo. Mun taso tsakanin bulo da kwalta da allon waya, mun yanke hulɗa da abin da ke kewaye da mu, kuma mutum ba ya kukan rashin abin da bai sani ba. Wannan ciwo ba namu ne mu kaɗai ba. A 2002 wani masani a Jami'ar Cambridge mai suna Andrew Balmford da abokan aikinsa sun gwada yara 'yan firamare a Birtaniya da katunan hotuna. Yara 'yan shekara 8 sun gane kusan kashi 80 cikin 100 na dodannin wasan Pokémon, waɗanda zane ne kawai, amma ba su gane ko rabin dabbobi da tsirran ƙasarsu ba. Kafin mu yi masu dariya, mu gwada kanmu. Matashinmu zai jero maka 'yan wasan ƙungiyar ƙwallon Turai goma sha ɗaya har da masu zaman benci, amma ka nuna masa kanya da ɗinya da marke da aduwa ka ce ya bambance, sai ya hau sosa ƙeya. Kakanninmu da ba su shiga aji ba suna ganin shamuwa ta iso sun san damina ta ƙarato, a fara gyaran gona. Sun san tana rage masu fara. Mu kuwa mun riƙe takardar sakandare, amma ƙannenmu na harbin tsuntsaye da danƙo don nishaɗi muna kallo, in an ga mujiya a taru a jefe ta saboda camfi, alhali ɓeraye take kama mana.

Masana sun kuma nuna cewa wannan yankewa tana taɓa lafiyar mutum shi kansa. A 2019 an buga wani bincike da aka yi a kan mutane kusan 20,000 a Ingila, inda aka ga waɗanda ke samun aƙalla minti 120 a mako a cikin itatuwa ko fili ko bakin ruwa sun fi bayyana cewa suna cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar hankali, a kan waɗanda ba sa fita sam. Awa biyu kacal a mako, wato ƙasa da abin da wasunmu ke ƙonawa a gidan kallon ƙwallo a dare guda.

Kada mai karatu ya ɗauka an makara ko'ina. Idan mutane suka buɗe ido, ƙasa takan farfaɗo, kuma shaidar haka na nan kusa da mu a Jamhuriyar Nijar. A farkon shekarun 1980 gonakin jihar Maraɗi sun zama fili fetal, iska na kwashe ƙasa tana binne shuka, itatuwan da ake dasawa kuma mafi yawansu mutuwa suke yi. A 1983 wani masanin aikin gona ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa ƙananan tsirran da manoma ke sassabewa duk shekara ba ciyawa ba ce, toho ne daga kututturan itatuwan da aka sare, waɗanda saiwoyinsu ke nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Abin da ake bukata kawai shi ne manomi ya zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi ya bari, ya datse sauran, ya kare su. Manoma suka kira abin sassabin zamani, kuma su da kansu suka yaɗa shi daga gona zuwa gona. Wani rahoto na 2009 ya ƙiyasta cewa an farfaɗo da hekta miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram, tare da ƙarin hatsi wajen tan 500,000 a shekara.

Babban gwarzo a cikin waɗannan itatuwa shi ne gawo, wanda halinsa ya saɓa wa na sauran. Da damina yake zubar da ganye, saboda haka ba ya tare wa gero rana, ganyen kuma ya zama taki. Da rani sai ya yi kore shar, dabbobi su sha inuwa, su ci 'ya'yansa, su bar kashinsu a gonar. Saiwarsa kuma tana ƙara wa ƙasa sinadarin da manomi ke saye da tsada a buhun yuriya. Tsofaffin manoma sun daɗe da sanin cewa geron gindin gawo ya fi kyau. Abin da ya canza kawai shi ne an dawo an kalli abin da ake takawa kullum, an gane amfaninsa.

Saboda haka, 'yan'uwa matasa, ga abin da nake ganin ya rataya a wuyanmu, kuma babu wanda ke bukatar kasafin kuɗin gwamnati a ciki. Da farko mu koma ɗalibai. Ka sami dattijo manomi ko makiyayi ko maharbi a unguwarku, ka bi shi bayan gari, ya nuna maka itatuwa da tsuntsaye da sunayensu da amfaninsu, ka rubuta. Duk dattijon da ya rasu da wannan ilimi a ƙirjinsa, an rufe shi da shi ke nan. Na biyu, waɗanda ke koyarwa a cikinmu, a boko ko a Islamiyya, su riƙa fita da yara ko sau ɗaya a wata, domin gani ya kori ji, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya san sunan tsuntsu da aikin da yake yi, hannunsa zai yi nauyi a kan danƙo. Na uku, mu yi wa masu zuba guba a mushe nasiha, mu nuna masu cewa don kare guda suna iya hallaka garken ungulaye. Na huɗu, mu ƙaurace wa masu sayar da kan ungulu, mu kuma faɗa wa masu saye gaskiya komai ɗacinta. Wanda kuma ya san inda ungulu ke sheƙa a yankinsu, ya tsaya a kan kada a sare bishiyar, kada a kwashe ƙwan.

Mutanen Indiya sai da suka binne 'yan'uwansu sa'annan suka gane abin da suka rasa. Mu an ba mu labari tun da sauran ungulaye a wasu dazuzzukanmu da ƙauyukanmu, saboda haka ba mu da hanzari. Allah ya ba mu idon gani da zuciyar lura, ya sa 'ya'yanmu su ga ungulu a kan tsamiya da idonsu.

Wassalam.