Su Wa Za Su Tsaya a Baya?

'Yan uwana ɗalibai, duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin fili lokacin raba 'yan wasa ya san yadda ake yi. Lamba tara da lamba goma ana rububinsu kamar rabon tsire. Idan an gama sai a dubi waɗanda suka rage, ƙanana da masu nauyin jiki da wanda bai zo da takalmi ba, a ce musu: "Ku je baya, duk ƙwallon da ta zo ku doke ta waje." A ganina wannan ɗabi'a ce ke sa ƙungiya ta ci biyu a zura mata uku, sannan a dawo ana zagin gola.

Ga masu ganin tsaron baya aikin ragowa ne, ku dubi Shehu Abdullahi. An haife shi a Sakkwato a 1993, ya yi suna a Kano Pillars a zamanin da Sai Masu Gida ke lashe gasar Firimiyar Najeriya a jere. Stephen Keshi ya tafi da shi gasar 'yan wasan cikin gida ta Afirka a 2014 a Afirka ta Kudu, Najeriya ta zo ta uku. Daga nan ya buga a Kuwait, ya buga a Fotugal, ya je Anorthosis ta Saifurus, ya je Bursaspor ta Turkiyya. A gasar Olamfik ta 2016 a Rio, ƙarƙashin Samson Siasia, shi ne ke riƙe da gefen dama na baya lokacin da aka doke Honduras da ci 3 da 2 aka ɗauko tagulla. Wannan tagulla ita kaɗai ce lambar da Najeriya ta samo a duk wasannin na Rio. Tambayi masu zama gidan kallo su gaya maka wanda ya ci ƙwallo ranar, za su ce Sadiq Umar da Aminu Umar. Tambaye su su wa suka tare baya da Honduras ta taso a ƙarshen wasa tana neman ramawa, sai ka ji shiru. Bayan shekara biyu Shehu ya fito cikin sha ɗayan farko a wasan Najeriya da Kuroshiya a Kofin Duniya na Rasha. Yaron Sakkwato ne fa, da ya taso a kan fili mai yashi irin namu.

Haka Zaidu Sanusi, ɗan Jega a jihar Kebbi, mai tsaron gefen hagu. Ya fara daga ƙananan ƙungiyoyin Fotugal, ya hau zuwa Santa Clara, Porto ta saye shi a 2020. A watan Mayun 2022, a gidan Benfica, ana dab da tashi, shi ya taso daga baya a guje ya ci ƙwallo ɗaya tilo da ta ba Porto kofin ƙasar.

Na san abin da 'yan gaba za su ce, kuma suna da gaskiya ta wani ɓangare. Suna da kuɗi suna bin mai ci. Tun da Fabio Cannavaro na Italiya ya karɓi Ballon d'Or a 2006, babu ɗan baya da ya sake karɓa. Virgil van Dijk ya zo na biyu a 2019, Messi ya ɗauke. Ɗan gaba zai ɓarar da dama biyar, ya ci ta shida, a ɗaga shi sama. Ɗan baya ya tare sau ashirin, ya zame sau ɗaya, har ranar kasuwa ana maganarsa. To amma wannan ai shi ke nuna wurin ba na kowa ba ne. Yana buƙatar mai haƙuri, mai karanta wasa kafin ƙwallo ta iso, wanda ya san lokacin shiga da lokacin ja da baya, kuma mai baki, domin shi ke ganin fili gaba ɗaya yana tsara na gabansa. Wanda aka tura can don kawai ba a san inda za a ajiye shi ba, fenareti zai jawo mana.

Saboda haka ina roƙon malamin wasanninmu, cikin girmamawa, da ya ware ko da rana ɗaya a mako ta atisayen baya kaɗai: tare mutum, tsayuwa a layi ɗaya, kai wa ƙwallo kai a bugun kwana. Masu gudu da ƙwarewa su ma a riƙa gwada su a lamba biyu da lamba uku, ko da za su yi ƙorafi. A gasar gidaje ta bana, yadda ake ba wanda ya fi cin ƙwallo kyauta, a ware wata ga ɗan bayan da ya fi ƙwazo, ko da littattafan rubutu ne.

Su ma masu kawo rahoton wasa a wannan allo, daga wasa mai zuwa su riƙa rubuta sunayen 'yan baya huɗu da gola, tare da adadin wasannin da suka tashi ba a zura musu ko ɗaya ba.