Intanet a Cikin Aji

Yara, da wuya a sami wani a cikinku wanda bai taɓa ganin babba ya sunkuyar da kai yana latsa waya ba. Sau da yawa intanet yake dubawa. Intanet kuwa kwamfutocin duniya ne da aka haɗa su, suna miƙa wa juna rubutu da hotuna da murya. Waɗansu daga cikin igiyoyin da suka haɗa mu da sauran ƙasashe a ƙarƙashin teku aka shimfiɗa su, suka ɓullo a Legas.

To, malamai da iyaye suna ta gardama, a shigo da intanet aji, ko kuwa a bar shi a waje? Ni a ganina a shigo da shi, amma ya zauna a hannun malami.

Ku duba darasin labarin ƙasa. Daga Katsina zuwa bakin teku tafiyar fiye da kilomita 1,000 ce. Malam ya iya kwana yana bayyana muku igiyar ruwa, yana zana ta da alli, amma yaron da bai san ruwan da ya fi na kududdufi ba, me zai gane? In kuwa aka nuna masa hoto mai motsi na minti biyu, ya ga ruwa yana tasowa kamar ganuwa, ya ji rugugi, shi ke nan, ya riƙe har ya tsufa. Haka kuma husufin rana. Ran 29 ga Maris, 2006, rana ta yi husufi da hantsi, gari ya yi duhu a nan ƙasar Katsina. Ba a haife ku ba a lokacin, amma hotunan suna nan. Malam ya nuna muku, sa'an nan ya ɗauko lemo da fitila ya gwada muku yadda wata yake shiga tsakanin rana da duniya.

Har wa yau akwai darussan da aka shirya musamman dominku. A shekarar 2020 annobar korona ta sa aka rufe makarantu watanni da yawa. Bayan haka, a 2022, Gwamnatin Tarayya da UNICEF suka buɗe wani dandali mai suna Nigeria Learning Passport, inda aka zuba darussan firamare da na sakandare.

Me ya sa na ce a hannun malami? Domin intanet kamar kasuwa ce, kowa yana iya baza kolinsa, mai gaskiya da maƙaryaci. Ku tambaye shi shekarar da aka gina hasumiyar Gobarau. Wani shafi ya ba ku wannan ƙarni, wani ya ba ku wancan, kowanne kuwa yana magana kamar a gabansa aka kwaɓa ƙasar ginin. Yaro ɗan aji huɗu ba ya iya tacewa, sai ya kwafe na farkon da ya gani. Aikin malami ne ya duba tun da dare, ya gwada da littafi, ya zaɓi abin da ya inganta. Ita Gobarau ma, ai tana nan cikin birni. Abin kunya ne a nuna wa ɗan Katsina hotonta a waya alhali ƙafarsa tana iya kai shi. Haka tsohon ginin Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, inda su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello suka yi karatu.

Sa'an nan ga maganar talauci, wadda ita ta fi damuna. Ba kowane gida ke da babbar waya ba, data kuɗi ce, wutar lantarki kuma ba kullum ake samunta ba. Malamin da ya ce, “Kowa ya je gida ya binciko a intanet,” ya raba ajinsa biyu ke nan. Ɗan mai hali ya zo da amsa, marayan da ke zaune kusa da shi ya sha faɗa a kan laifin da ba nasa ba.

Saboda haka nake roƙon hukumomin ilmi su fara da abu kaɗan: kowace makaranta ta sami kwamfuta ɗaya, da majigi, da farantin sola na yin caji. Malam ya sauke darasi tun kafin a buga ƙararrawa, ya nuna wa aji duka a bango, ya kashe, sa'an nan kowa ya buɗe littafinsa ya rubuta abin da ya gani da hannunsa.