WA ZAI FITAR DA MU DAGA HAYAƘI?

Yau maganar murhu zan yi, domin na gaji da jin masu manyan riguna a rediyo suna cewa wai gwamnati ta cire hannunta daga harkar makamashi, a bar wa kasuwa, ita za ta gyara komai. Haba jama'a! Mu da muke aike kasuwar kullum, mu za a gaya wa halinta?

Kasuwa ba ta san kowa ba sai mai kuɗi a hannu. Ba zagi ba ne, haka Allah ya yi ta. Zamanin Abacha da kalanzir ya ɓace, me muka samu? Murhun dusar katako, wanda har aka laƙaba masa sunan mutumin. A 2016 aka cire tallafin kalanzir, a 2023 aka cire na fetur, komai ya tashi, sai ga matan da suka saba da risho sun koma gawayi da itace. Ido na hawaye, ƙirji na tari, ga goyo a baya yana shaƙa tare da uwarsa.

Kowa ya san girki da gas ya fi tsafta da sauri. Abin da ya tsare mu ba duhun kai ba ne, kamar yadda wasu ke faɗa. Kuɗin farko ne: tukunyar gas da kan murhu da tiyo, duk a rana ɗaya. Wadda take sayen gawayi ƙulli-ƙulli da canjin cefane, ina za ta haɗa wannan? Kuma wane ɗan kasuwa ne zai ba ta kyauta?

Ki dubi Indunusiya, ƙasar Musulmi 'yan uwanmu. Daga 2007 gwamnatinsu ta raba ƙaramar tukunya mai kilo 3 da murhu da tiyo kyauta ga gidaje sama da miliyan 50. Ba don tausayi kaɗai ba, tallafin kalanzir ne ya yi mata nauyi. Da tukunya ta shiga gida, sai masu sayar da gas suka biyo baya lungu-lungu, don sun ga ciniki.

Wata za ta ce, to fitilar sola fa, ai 'yan kasuwa ne suka kawo mana. Gaskiyarki. Amma me ya sa ta yi araha? A shekarar 2000 Jamus ta yi dokar sayen wutar rana da farashi mai tsoka daga duk wanda ya kafa allon sola, sannan gwamnatin Sin ta tsaya wa masana'antunta da rance har suka cika duniya da shi. Wasu gwamnatoci ne suka yi shuka, mu muka tarar da girbi a Sabon Gari.

Sai dai kada masu mulkinmu su ji daɗi su ce ina yabonsu. A 2014 an amince da naira biliyan 9.2 don sayo wa matan karkara murhun zamani. Don Allah ki tambayi innarki a ƙauye ko ta taɓa ganin kalarsa. Ga gas kuma ana ƙona shi a banza dare da rana a yankin Neja Delta, mu muna nan muna hura ɗanyen itace da baki.

Ni dai ranar da masu neman ƙuri'a suka sake shigo mana da atamfa da taliya, tukunyar gas zan tambaye su, da kuma inda za a riƙa cika ta a unguwarmu.