Ba Nisa ke Kashe Labari ba

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a tarukan adabi: wai marubucin da ya ƙaura Turai ko Amurka ba shi da hurumin rubuta labarin kisa da bincike a kan ƙasarsa, tunda ƙurarta ta daina taɓa ƙafarsa. Maganar tana da daɗin ji, amma tarihin wannan fanni ya ƙaryata ta.

Georges Simenon ya zauna Amurka daga 1945 zuwa 1955, kuma a can ya rubuta da yawa daga cikin labaran Maigret, waɗanda titunan Paris ne filinsu. Abin da ya ba shi wannan ƙarfi ya riga tafiyar: bayan littattafansa na farko, Xavier Guichard, shugaban ƴan sandan bincike na Paris, ya gayyace shi ofishinsu don ya ga yadda ake tambayar wanda ake zargi, ya gyara kurakuransa. Chester Himes ya bar Amurka a 1953, kuma a Faransa ne Marcel Duhamel ya nemi ya rubuta wa jerin Série Noire. Littafinsa La Reine des pommes, wanda ya gudana a unguwar Harlem, ya ci babbar kyautar adabin bincike ta Faransa a 1958. Guzurinsa shi ne shekaru fiye da bakwai da ya yi a kurkukun Ohio. Moussa Konaté, malamin Faransanci haifaffen Kita, ya zauna Limoges har rasuwarsa a 2013, amma bai yanke zuwa Mali ba, inda ya kafa kamfanin buga littattafai. Shi ya sa a L'Empreinte du renard na 2006 kwamishina Habib ya shiga ƙasar Dogon ya tarar da abin da kowane jandarma ya sani: a ƙauye, ba a buɗe baki sai dattawa sun yarda.

Masu wannan magana su dubi Gérard de Villiers. Ya rubuta littattafan SAS 200, yana zuwa ƙasashen da ƙafarsa, yana da majiyoyi cikin ƴan leƙen asiri. Sunayen otal da tituna daidai suke, amma Afirkawan da ke ciki ba su wuce ƴan cin hanci da ƴan bindiga ba. Ashe isa wuri daban, saninsa daban.

Sai dai wannan ba lasisin lalaci ba ne. Wanda ya dogara da tunanin ƙuruciya zai ba mai karatu farashin da ya shuɗe da kasuwar da ta tashi. Wanda ya dogara da taswirar intanet zai ga hanyar Maraɗi zuwa Ɗan Issa, amma ba zai san wa ke tare mota ba, duwan ne ko jandarma, balle abin da direba ke faɗa masa. Labarin bincike kuwa ba ya yafe irin wannan kuskure, domin hujja ce ƙashin bayansa. A Nijar, bisa tsarin da aka gada daga Faransa, babban laifi yana bi ta hannun mai gabatar da ƙara da alƙali mai bincike; a Najeriya babu wannan alƙali. Marubucin da ya cakuɗa su ya rushe labarinsa tun kafin a gano mai laifi. Maganin sananne ne: ya karanta kundin dokoki da tsofaffin jaridu, ya nemi jami'in da ya yi ritaya da magatakardan kotu, ya ba ɗan gari rubutun ya duba kafin a buga.

Saboda haka malamai da ƙungiyoyin al'adu su daina tambayar inda marubuci yake kwana. Su sa ɗalibai su ɗauki babi guda, su auna hanyoyinsa da dokokinsa da maganar mutanensa. Na gida da na waje, ma'auninsu ɗaya.