Sharhi: Salula ta rage mana tafiya, amma ta cinye mana hutu

Jama'ar Gaya da 'yan uwa na ƙetare, tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka rufe gadar da ta haɗa mu da Malanbil. Kungiyar CEDEAO ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, iyakar Najeriya ta wajen Kamba ta buɗe, amma ɓangarenmu na gadar Benin ya zauna a rufe. Ciniki dai bai mutu ba, ya koma kan kogi da cikin waya.

A da, ɗan kasuwa ya san lokacinsa. In ofishin duwan ya tashi, shi ma ya tashi. Yanzu kuwa mai kaya yana Kwatano, mai kwale-kwale yana bakin ruwa, ɗan kabu-kabu yana jiran kira, kowa ya dogara da saƙon murya na WhatsApp. Kuɗi kuma a tura ta Nita ko Amana. Wanda bai ɗaga waya ba ƙarfe goma na dare, da safe sai ya tarar an ba wani aikin. Shi ya sa za ka ga mutum da layi biyu ko uku, na Nijar, na Benin, na Najeriya.

Gaskiya an samu sauƙi. Manomin shinkafa ko rake yana jin farashi tun yana gona, ba sai ya ɓata yini a hanya ba. To amma lokacin da aka samu, ina ya tafi? A fada ana dafa shayi, kowa kansa a sunkuye. Mai sayar da abinci tana amsa masu saye har bayan isha'i, yara na jiran tuwo.

Dokar ƙwadago ta Nijar ta 2012 ta tsayar da awa 40 a mako. A Faransa, tun 2017 doka ta amince ma'aikaci yana da haƙƙin ajiye wayar aiki in ya tashi. Sai dai irin waɗannan dokoki na masu albashi ne. Ɗan dako da dillali ba su da mai tsayar musu da lokaci, sai in sun haɗa baki.

Nan ne shugabannin 'yan kasuwa, direbobi da masu kwale-kwale ke da abin yi: su tsayar da sa'ar da ake rufe ciniki, yadda ba wanda zai yi asara don ya kwanta barci.

Ku kuma 'yan uwa na Amurka, ku tuna: ƙarfe shida na yamma a New York, a Gaya sha ɗaya ne ko sha biyun dare. In ba gaggawa ba ce, ku bar saƙo, tsohuwa za ta saurara bayan asuba.