Gyaran Likita Ba Ya Yiwuwa Sai da Ma'aikacin Jinya



Yau maganarmu a kan ma'aikatan jinya ce, maza da mata, waɗanda talaka ke kira likita. Su ke kwana tsaye a kan mara lafiya, amma in za a yi gyara, su ne ba a tambaya.

Ku tuna yadda aka yi. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka taru a Bamako, suka ce talaka ya riƙa biyan wani abu don magani ya samu. Nijar ta bi wannan hanya. Magani ya samu, amma mai hannu wofi ya zauna gida. Sai a 2005 gwamnati ta ce tiyatar haihuwa kyauta ce, a 2006 kuma ta ƙara da awon ciki da maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5. Wannan abu ne mai kyau, ba mu musu. Daga 1998 zuwa 2009 mutuwar ƙananan yara ta sauko daga 226 zuwa 128 cikin kowane 1000, kuma wannan doka tana da hannu a ciki.

To, amma wa ya ɗauki kayan? Mata suka cika likita da goyo, aiki ya ƙaru. Doka ta ce a yi magani, a aika takarda, baitulmali ya biya. Kuɗin ya yi ta makara wata da watanni, har shekaru. Magani ya ƙare. Ma'aikaci ya koma rubuta takarda, a je a saya a waje. Uwar ɗa ta ji a rediyo an ce kyauta, sai ta ce shi ya cinye. Mutum ya yi aikin biyu, ya sha zagin da ba nasa ba, ta ina zai ji daɗin aikinsa? Wanda ransa ya ɓaci, fuskarsa ba ta sakewa ga mara lafiya.

Ba mu ce babu miyagu cikinsu ba. Mai sayar da maganin jama'a a hukunta shi. Amma kada laifin babba ya hau kan ƙarami.

A 2024 an rage kuɗin jinya da rabi a likitocin gwamnati. Madalla. Sai dai kada a maimaita kuskuren baya. Muna neman abu uku: a biya likita kuɗinta a kan lokaci, a ƙara ma'aikata, musamman a karkara, a cika alkawarin Abuja na 2001, wato kashi 15 cikin 100 na kasafin ƙasa ga lafiya.

Kowane reshe, ranar kasuwa ku karanta wannan ga jama'a. Ku gayyaci ma'aikacin jinyar garinku, ku ji ta bakinsa, ku aiko mana.

Ƙasa tamu ce, likita tamu ce!